Yadda Gyartai Ya Zama Dattijonmu

Ikilisiyoyin gabas yanzu gunduma guda ce, da shugabanta da majalisarta, har da wani ɗan littafin tarihi da ake ba baƙi. A shafin farko an jera shugabanni tun daga tushe. Na farkonsu mutumin Gure ne, an kuwa rubuta cewa jama'a ce ta zaɓe shi kusan da baki ɗaya saboda tawali'unsa. Tawali'u kam yana da shi. Amma a gidanmu aka yi zaɓen, ina zaune bai fi taku ɗaya daga wurin ba, don haka zan faɗi abin da kunnena ya ji.

Zamanin Nasara ne, ba a kai ga yaƙin nan na biyu ba. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina lakwal, wato makarantar Nasara. Yadda aka yi na shiga lakwal shi ne kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya ce a kawo yara, mutanen gari suka tura nasu kwari cikin dabino su ɓuya, Baba kuwa kafinta ne a bariki, kumandan ya san yawan ƴaƴansa. Ni kaɗai ce mace a ajin. Na samu ƙarshen benci kusa da bango na zauna. Akwai ƴan ajinmu da muka rabu ba su san muryata ba.

Ranar farko mushe, wato malamin ajinmu, ya tambaye ni sunan ubana. Na dubi ƙasa. Ya sake tambaya da Faransanci, ya sake da Hausa, ya ɗauki bulala ya ajiye. Wani yaro daga baya ya faɗa masa, aka rubuta. Ba taurin kai ba ne. A gidanmu ba wanda yake kama sunan Baba. Inna tana ce masa "shi" ko "mai gidan". Kaka, da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta ma cika yarda akwai shi ba. In ta kama dole sai ta ce "mai zarton nan". Ni ma ɗiyar fari ce, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana son ruwa ina tsaye a gabansa, sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa." Sai in kawo. Muna zaman lafiya ƙwarai da shi.

Masu bi a Gure a lokacin, waɗanda aka yi wa baftisma, mutum takwas ne, bakwai daga ciki kuma ƙofa ɗaya suke shiga. Baba, Inna, Kaka, ƙanen Baba da muke ce wa Baba Ƙarami da matarsa, sai Gwaggo da mijinta tela. Duk daga Damagaram suka biyo Baba sa'ad da bariki ta nemi mai yin ƙofofi. Na takwas shi ne gyartai, mai ɗinkin ƙwarya. Gajeren mutum ne, ba mata, ba ɗa, ba dangi. An yi masa maganin gyambo a wurin ƴan mishan, aka yi masa baftisma, ya taso gabas da basillarsa don ya ji an ce matan Mangawa suna fasa ƙwarya da yawa. Sunansa kowa yana kira. Mata suna ƙwala shi ta kan danga, yara suna rera shi a hanya. In ana wa'azi yakan yi barci, amma a zaune, cikin ladabi.

Ba mu da shugaba a rubuce. Sai dai Baba ne ya je wurin mai gari ya nemi izini mu riƙa taruwa. Shi ya kafa rumfa a tsakar gida da itacen goriba, ya yi benci biyu. Shi yake karanta Littafi ran Lahadi, shi yake ɗaga waƙa, shi yake sauke ta in ta yi nisa. Da jaririn Gwaggo ya rasu, shi ya nemo wurin da aka binne shi, maƙwabtanmu Musulmi suka zo da fartanya suka taya haƙa. Masu waƙar Lahadi suke ce mana. In sun yi suna su aiko mana da nama, in mun yi Kirsimeti mu aika musu.

Sai wasiƙa ta zo daga Damagaram. Manya sun ce kowace ikilisiya ta fitar da dattijo guda, wanda za a rubuta sunansa a littafi, a riƙa kiransa taro, a san da shi ake magana. Za a turo fasto ya gudanar da zaɓen.

Baba ya ninke wasiƙar ya sa cikin Littafi. Amma na ga abubuwa. Ya rage gemunsa. Ya ba tela rigarsa ta fita a gyara mata wuya. Ya kuma fara wani ɗan tebur dogo mai kai a karkace, na ɗora Littafi, irin wanda ya taɓa gani a majami'ar Damagaram. Sau biyu na same shi tsaye a bayan teburin yana gwada tsawonsa da ƙirjinsa, ya rage ƙafafun kamar faɗin yatsa, ya sake tsayawa. Baba dogon mutum ne. Shekara shida yana wannan aiki ba a ba aikin suna ba, kuma yana so a rubuta shi. Duk gidan mun sani, ba wanda ya faɗa.

Fasto ya iso ran Jumma'a da la'asar a kan raƙumin masu kanwa, ya sauka yana tafiya ƙafa a ware. Mutumin kudu ne, can bakin teku, mai tabarau ɗaure da zare. Hausarsa ta littafi ce, tsaf, ba ta da lanƙwasa. Mutumin kirki ne. Ya ci tuwon gero da miyar kuka ya ce da daɗi, ko da yake na ga irin aikin da maƙogwaronsa yake yi.

Ran Lahadi bayan sujada ya bayyana doka. Zai zauna a bayan zana. Kowa zai shiga shi kaɗai ya faɗi sunan wanda yake so, sunan baftisma, da bakinsa. Ya ce a wani gari ya taɓa yarda aka ce masa "maigida", da ya fito ya ce maigida ya ci, maza uku suka miƙe tsaye. Tun daga ranar ba ya karɓar komai sai suna. Ya sa kowa ya ɗora hannu a kan Littafi ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa abin da ya ce a ciki ba, ko miji ko mata, har abada.

Ni ban ɗora hannu ba, don ba na wurin. Tun ran Jumma'a fasto yake nemana in gaishe shi da Faransanci a gaban mutane, saboda haka ana cewa amin na sulale na shiga wani lungu nawa tsakanin rumbu da zanan bayan ɗakin Kaka, inda nake zuwa da allona in baƙi sun zo. Daga nan na ji dokar. Ban san zanan da ake nufi ba sai da na ji an dire kujera a ɗaya gefen, har ƙafarta ta turo zanan ya taɓa gwiwata. In na fita za a gan ni. Na zauna.

Kaka ce ta fara shiga, don girma.

"Uwa," in ji fasto, "wa kike so ya zama dattijo?"

"Ai ka sani."

"Ban sani ba sai kin faɗa."

"Mai zarton nan."

"Masu zarto biyu ne a gidan nan, Uwa."

"Dogon."

"Ba zan rubuta dogo ba. Sunansa."

Kaka ta ja tsaki. "Kai yaro, a garinku haka ake yi? Ni in buɗe baki in kama sunan? Ka ga na yi kama da mai taɓin hankali?"

Fasto ya sassauta murya. Daga baya na gane abin da ya ɗauka. Ya zaci tsoron mai gidan ake ji, an ce musu su zaɓe shi alhali zuciyarsu ba ta so, shi ya sa sunan yake maƙalewa. Ya ce, "Uwa, kada ki ji tsoron kowa. Ba mai ji sai ni da Allah. In wannan suna ya ƙi fita, akwai wani da zai fita?"

Sunan Baba Ƙarami tana iya faɗarsa, kullum ma tana faɗa, yawanci tare da zagi. Amma ɗora ƙane a kan wa ba abin yi ba ne. Ta ce, "To, tunda sauran duk shi za su ce, muryar tsohuwa ɗaya me za ta rage masa?" Ta faɗi sunan gyartai. Na ji alƙalami ya karci takarda.

Inna ta shigo ta durƙusa. Ina ganin yatsun ƙafarta ta ƙarƙashin zana, da lallen da ya fara fita.

"Shi," in ji ta.

"Shi wa?"

"Uban yaran."

"Sunansa, ƴar'uwa."

Ta daɗe a durƙushe. Ta kama karan zana ɗaya tana murzawa har ya tsinke, ta kama wani, shi ma ya tsinke. Can ta ce, "Malam, shekara goma sha uku ban faɗa ba, yau zan faɗa wa baƙo?"

"Ba dole a cikin wannan abu."

"Sauran ai za su faɗa," in ji Inna. Ta kira sunan gyartai da sauri, kamar yana wucewa ta ƙofar gida tana da fasasshiyar ƙwarya.

Baba Ƙarami mutum ne mai barkwanci, ya shigo yana ƴar waƙa.

"Yayana."

"Sunansa."

"Yaya."

"Wannan ba suna ba ne."

"Malam, mutumin nan shi ya goya ni, shi ya koya mini riƙon guduma. In na kama sunansa haƙorana za su zube, wa zai tauna mini nama?" Ya dai gwada. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya fashe da dariya. Ya ce, "Ai ya riga ya ci. Rubuta mini gajeren nan, ya samu guda ɗaya, kada ya ga an manta da shi." Ya faɗi sunan gyartai.

Matarsa ba ta ko zauna ba ta faɗi na gyartai, don wan miji suruki ne. Gwaggo ta yi kamar Baba Ƙarami, ban da dariyar. Tela ya yi dogon bayani a kan halin kirkin wan matarsa, da tsayinsa, da yadda riga take zama a jikinsa, aka ce suna, ya faɗi na gyartai. Kowannensu kafin ya fita sai ya ce sauran ai za su faɗa.

Na bakwai Baba ne. Na san takunsa. Nasa sunan ba ya faɗuwa a bakinsa, in kuwa ya faɗi na ƙanensa za a ce gida ya riƙe abin. Ya faɗi sunan gyartai da murya mai daɗi, irin ta mutumin da yake kyauta daga abin da ya yi masa yawa.

Gyartai ne na ƙarshe, sai da aka tashe shi. Ya shigo ya faɗi sunan Baba cikakke, ko tari bai yi ba. Ranar na fara jin sunan a cikin gidanmu. Na toshe kunnena, amma ya riga ya shiga.

Sauran ta ɓular zana na kalla. Fasto ya fito ya tsaya a bayan sabon teburin, ya ce bakwai da ɗaya. Baba ya gyara wuyan riga, ya fara ɗagawa daga benci. Fasto ya faɗi sunan gyartai. Baba ya ƙarasa tashin, tunda ya riga ya fara, ya je ya gyara wata tabarma da ba ta karkace ba.

Gyartai ya waiga baya ko akwai wani mai sunan. Babu kowa sai akuya. Ya ce wa Baba, "Maigida, ni dai sunanka na faɗa, Allah ya sani."

"Dattijo," in ji fasto, "ka karya alkawari tun ba ka tashi daga tabarma ba."

Da gyartai ya yi shiru, da Baba ya iya zaton guda ɗayan nan ta Inna ce, ko ta Kaka. Yanzu ya san ta baƙo ce. Uwarsa, matarsa, ƙanensa, ƙanwarsa, duk sun shiga bayan zana sun fito, ba wanda ya so shi. Fasto ya ɗora wa gyartai hannu a ka ya yi addu'a, ya rubuta a takarda, ya sa a akwati. Ran Litinin da safe ya sake hawa raƙumi, yana murna an yi zaɓe ba gardama.

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da an samu bakin magana. Ya ci gaba da gaida Kaka da safe, durƙuso ɗaya, kalma uku. Ya daina cin abinci a tsakar gida, ya ce a riƙa kai masa rumfar aikinsa da ke ƙofar gida. Akushin yakan dawo da rabin tuwo, an shafe gefen da aka ci sumul. Inna ba ta da ta cewa. Ta riga ta ɗora hannu a kan Littafi, ban da haka ma in za ta yi bayani sai ta ce ita shi take so, wannan kuwa ya fi kama sunan nauyi. Sai ta koma kan turmi. Ba mu taɓa cin gari mai laushin na makon nan ba. Kowa a gidan ya san abin da shi ya yi da dalilinsa, yana kuma kallon sauran yana mamakin muguntarsu. Baba Ƙarami ya daina yi wa matarsa magana. Kaka ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da tela ba.

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Bamanga, ta leƙo ta kan danga ta ce wa Inna, "Na ji kun yi sabon liman."

"Mun yi."

"Wanda ya ɗinke mini ƙwaryar nono?"

"Shi."

"To," in ji tsohuwar, "ɗinkinsa dai ba ya yoyo."

Lahadin da ta biyo baya gyartai ya zo da rigar aro ya tsaya a bayan teburin. Hularsa muke gani, da girarsa in ya ɗaga kai. Bai iya karatu ba. Ya ce, "To." Muka jira. Ya ce, "To, maigida, a taimaka da karatun." Baba ya tashi ya karanta daga inda yake, bai matsa kusa da teburin ba, kowace kalma daidai, kamar mai karanta takardar kumandan. Sai gyartai ya yi addu'a. Ya roƙi ruwan sama, ya roƙa wa Kaka sauƙin gwiwa, ya roƙa wa wani makiyayi da ya sani a Bune a gano masa raƙumarsa da ta ɓata, sannan ya ce in ba damuwa Allah ya bayyana masa abin da ya faru Lahadin da ta wuce. Muka ce amin. Bai yi barci ba ranar, don a tsaye yake.

Haka ya riƙe mu shekaru da yawa, bai taɓa koyon karatu ba. Yana yawon ɗinki har Bune da Gamu, in ya zauna yana huda ƙwarya sai mutane su zauna kusa su faɗa masa damuwarsu, shi kuwa ba ya cewa komai don zare yana bakinsa. Ƴan tarurrukan da suka tsiro a ƙauyuka daga baya, yawancinsu inda ya saba zama ne. Amma wannan daga baya ne, a makon nan ba wanda ya san da shi.

Ran Litinin Baba ya gaya wa Baba Ƙarami, a gaban kowa amma ba da kowa ba, cewa ƙofofin bariki sun ƙare, ya ji ana neman kafinta a Damagaram. Zai bi masu kanwa ran Alhamis. Shi kaɗai zai tafi, in ya zauna zai aiko. Bai ce zai aiko da me ba. Ya sauke kayan aikinsa daga ƙusoshin da suke rataye, ya shafa musu man gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, ya raba biyu. Ya tura wa ƙanensa rabi. Mai niyyar dawowa ba ya raba kayan aiki, wannan ko ni na sani.

Ni kaɗai na san abin da mutum takwas ɗin nan suka ce, ni kaɗai ce kuma ban yi alkawari ba. Haka nan ni ce wadda ban taɓa haɗa kalma biyar a gaban Baba ba. Na yi tunanin in gaya wa Kaka, sai na tuna za ta fara da tambayar me nake yi a bayan ɗakinta, kuma a nan maganar za ta tsaya. Ran Talata na kai masa akushi na tsaya. Ya dubi bango ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta ajiye." Na ajiye na fita. A lakwal na cika shafi guda na kaye, littafin rubutuna, da bayani, sai na ga miƙa masa takarda hannu da hannu ma ai magana ce. Na yage shafin. Mushe ya ƙirga ganyen kayen, ya tsayar da ni a rana.

Ran Laraba da la'asar Inna ta ɗaura mini ƙanwata a baya, jaririya mai wata takwas, ta ce in fita da ita don tana hana ta daka. Na fita. Na yi zagaye biyu a ƙofar gida, sannan na je bakin rumfar aiki na zauna, na ba Baba baya. Yana ciki yana naɗe kayansa a cikin fatar bijimi. Na kwance jaririyar na zaunar da ita a cinyata tana kallona.

"Ke," na ce mata, "zauna in ba ki labari. Ran zaɓe ina bayan zana."

Ƙarar igiyar da ake ja a bayana ta tsaya.

Na ce mata Kaka ta ce mai zarto, aka ce suna, ta ce dogon, aka ce suna, ta ce ita ba mai taɓin hankali ba ce. Na ce mata Inna ta ce uban yaran, ta ce shekara goma sha uku ba ta faɗa ba. Na faɗa mata ta Baba Ƙarami, da ta matarsa, da ta Gwaggo, da dogon bayanin tela. Na ce mata kowa kafin ya fita sai ya ce sauran ai za su faɗa. Da na zo kan na bakwai na tsallake, don wannan an san shi. Jaririyar ta kama dutsen adon wuyana ta sa a baki.

Ana jin dakan Inna daga cikin gida, da wani jaki can wajen rijiya. Sai Baba ya yi magana, da jaririyar.

"Ke ƴar ƙarama. Tsohuwar ma dogon ta ce?"

Na ce wa jaririyar, "Dogon ta ce."

"Uwarki fa, ta daɗe a ciki?"

"Ta daɗe. Ta tsinke karan zana biyu."

"Wancan shashashan kuma haƙoransa ne za su zube."

"Haka ya ce."

Wani sauti ya fito masa ta hanci. Ban waiga ba, don haka ban sani ba ko dariya ce ko garin katako. Ya ce wa jaririyar takarda ta riga ta kai Damagaram, an kuma ɗora wa mutum hannu a gaban Allah, wannan ba a saukewa. Sannan ya ce, "Tambayi yayarki. Da ita aka kira bayan zana, wa za ta ce?"

Na dubi jaririyar. Jaririyar ta dube ni, yawu yana bin haɓarta. Na faɗi sunan gyartai.

"To," in ji Baba. "Gida guda cike da mutane, ba a samu mara kunya ko ɗaya ba."

Na ji ya kwance igiyar. Na ji fatar ta buɗe, ƙarafa suka yi ƙara. Ya fara mayar da su kan ƙusoshinsu, zarto a nasa, guduma a nata, yana ɗan gunaguni da kowannensu. Na mayar da jaririyar baya na ɗaure.

Na sami Inna a kan turmi. Maganata ta shekara guda ta riga ta ƙare a bakin rumfa, abin da ya rage mini kalma uku ne. Na ce, "Ya kwance kaya."

Inna ta buga taɓarya sau huɗu ko biyar bayan haka, sannan ta jingine ta. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta juya ni ta duba jaririyar, ta kakkaɓe mata kai.

"Wa ya ce ki zaunar mini da yarinya cikin garin katako?" in ji ta. "Sauke ta nan. Je ki kama mini jan zakaran can."